Motar da Kawu Ya Saya Don Damina

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa riƙe sitiyari ba har ya bar duniya, amma shi ya sayi motar da na fi daɗewa ina tuƙawa. Fataucin shanu yake yi. Gidansa yana Dilimi a cikin Jos, kusa da namu, garkensa kuwa yana wata ruga a bayan duwatsu, idan an miƙe Titin Bauchi an fita gari sannan a karya hagu. Da rani kowace mota tana shiga rugar. Idan ruwa ya zauna, sai mai tafiya a ƙasa.

Abin da ya kai shi ga sayen mota wata saniya ce da ta karye a tsakiyar damina. Dabbar da ta karye, idan ta iso gari da ranta, mahauta suka gan ta tana numfashi, asarar ba ta da yawa. Idan kuwa aka yanka ta a daji, babu mahaucin da zai karɓi naman da daraja, domin bai ga yankan ba, bai kuma san abin da ya same ta ba. Ranar Kawu ya bi tashoshi yana roƙon direbobi, kowa ya ji sunan wurin sai ya ce motarsa ba lafiya. Ni ma ina cikin waɗanda suka ƙi, lokacin ina jan wata tsohuwar bas ta wani mutum. Saniyar a can aka yanka ta.

Bayan kaka ya kira ni ya ce in raka shi wurin masu sayar da motocin Kwatano a bakin Titin Bauchi. Lokacin wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, shi ma ya sayi tasa yana ajiye ta a aljihun ciki kamar laya. Muka sami wata farar a-kori-kura, irin mai ƙaramar giya a gefen babbar, wadda idan aka ja ta ƙafafu huɗun duka suke aiki. Ni na shiga ciki ina murɗa rediyo. Kawu ya zagaya ta a hankali, ya daki gefenta da tafin hannu, ya sa aka buɗe masa gabanta ya leƙa.

Dillalin ya ce, "Alhaji, ba ta da haƙora fa."

Kawu ya ce, "To shekarunta a ina kuke gani?"

"A takarda."

"Takarda kai ka rubuta. Ja mini ita can." Ya nuna wani kwari a bayan filin inda ruwa ya zaizaye ƙasa.

Dillalin ya so ya yi gardama, Kawu ya juya kamar zai tafi. Aka sa ƙafafun baya a cikin kwarin, aka ba ta wuta tana ta kartar ƙasa ba ta motsa ba. Sai aka ja ƙaramar giyar. Ƙafafun gaba suka kama, ta fito kamar akuya ta hau dutse. Kawu bai tambayi komai ba bayan wannan. Suka yi ciniki irin na kara, kasuwar shanu, wannan ya taya wancan ya ce albarka, har aka sallama.

A hanyar komawa ya faɗa mini sharaɗinsa. "Ka yi haya da ita a gari, ka ci, ka ciyar da ita. Ba zan tambaye ka lissafi ba. Abu ɗaya ne nawa: ranar da na ce ruga, ruga za mu, ko sama tana zubar da duwatsu."

Na ce, "Kawu, ai wannan mai sauƙi ne."

Gyaran farko tare muka yi shi. Mai walda ya yi mata keji na ƙarfe a baya, ya shimfiɗa katako a ƙasan domin kada kofato ya zame. Muka ƙara mata sifirin a ƙafafun baya saboda nauyi. Wannan ya sa idan babu kaya tana tsalle a kan titi har haƙoran mutum su haɗu, amma idan ta ɗauki sa sai ta kwanta lafiya. Sauran ƙarin nawa ne ni kaɗai, kuma babu na kirki a ciki: ham mai kukan jirgin ƙasa, labule mai geza a gilashin gaba, fitilu biyu a kan rufi waɗanda ba su taɓa kamawa tare ba. Ina da son a gan ni, tun ina yaro haka nake.

Ranin nan na sha aiki. Kabeji, dankalin Turawa, karas, buhunan gawayi, kayan masu tashi daga wannan unguwa zuwa waccan. Cikin wannan zirga-zirga motar ta fara wata ƙara. Idan ina tafiya a hankali babu komai. Da zarar na taka ta, sai wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujera, sitiyari ya riƙa karkarwa a hannuna. Na ce taya ce, na kai aka daidaita tayoyin. Ƙara tana nan. Wani ya ce boris ne, ƙarfen da taya take juyi a kansa, na canza boris ɗin ƙafafun gaba. Tana nan. Na ɗaure salansa da waya, na cusa tsumma a duk inda ƙarfe yake taɓa ƙarfe. Daga ƙarshe na kai ta wurin bakanikena a Nasarawa Gwom, wani mutumin Filato mai yawan dariya, wanda muka saba tun ina yaron mota.

Ya shiga ƙarƙashi ya kama wani dogon ƙarfe ya girgiza, ya yi ƙwal-ƙwal. Ya ce in sunkuyo in gani. Farfelar gaba ce, ƙarfen da yake ɗauko juyi daga giya ya kai wa ƙafafun gaba. A bakinta akwai wata gaɓa mai kama da gicciye, suna ce mata kuros, ita ce ta cinye.

Ya ce, "Oga, kuros ya mutu. Irin na wannan mota babu a Dilimi yanzu, sai mai shago ya sauka kudu ya kawo."

"To in ajiye mota ke nan?"

"Wane ajiye? Mu cire farfela, ka ci gaba da aikinka da ƙafa biyu. In kuros ya zo mu mayar. Amma ka dawo kafin ruwa, ka ji? Ni ba ruwana da kawunka."

Haka aka yi. Ya kwance notina, ya jefa mini ita a bayan mota. Na hau titi na taka, shiru, kamar sabuwa.

A teburin mai shayi na ba direbobi labari. Ashe ni ne na makara. Kusan duk mai irin motar a tasharmu ya daɗe da cire tasa.

Wani dattijon direba mai jan itace ya ce, "Kai da ma kana yawo da wannan kaya? Shi yake shanye maka mai. Cire shi ka ga yadda tanki zai riƙa kwana."

Wani ya ce, "Bar shi, ɗan gidan Alhaji ne, man ba daga aljihunsa yake fita ba."

Na ce daga aljihuna yake fita. Suka ce to na ga dai. Lokacin ana wahalar mai, mutum ya wuni a layi ko ya saya a galan wurin 'yan bumburutu. Ban taɓa aunawa na ga ko man ya ragu da gaske ba. Na dai ji abin da nake so in ji. Da mai shagon ya aiko cewa kuros ya iso, na ce gobe. Bakanikena ya tare ni a hanya ya tuna mini, na ce ina sane. Daga baya idan na hango shi sai in danna masa ham ɗin jirgin ƙasa in wuce.

Farfelar ta yi ta gangara a bayan mota tana damuna, na sauke ta na jingine a zaure. Matata tana kiwon wata tunkiya mai ƙarfin tsiya, wadda babu turken icen da ba ta tumɓuke ba. Ranar da ta cinye wa maƙwabciya garin tuwo, matata ta tare ni tun daga ƙofa.

"Maigida, ko ka samo mini turke na gaske, ko ka samo wa maƙwabta haƙuri, ni nawa ya ƙare."

Na waiwaya na ga farfela a jingine. Na ari babbar guduma, na kafa ta a tsakar gida, na yi ta dukan kanta har rabinta ya nutse. Na gaya wa kaina cewa aro ne, ranar da ake bukata zan zare. Ni direba ne, na san abin da guduma take yi wa bakin ƙarfe irin wannan. Na sani lokacin da nake dukan.

Kawu yakan biyo gidanmu bayan sallar Juma'a ya gaisa da mahaifiyata. Wata Juma'a ya tsaya a kan tunkiyar, ya taɓa bayanta kamar yadda ya saba yi wa kowace dabba, sannan ya sa ƙafa ya taka turken.

Ya ce, "Kai, wannan turke ya yi. Ko bajimi ba zai tumɓuke shi ba. A ina ka samu?"

Na ce, "Wurin makanikai, Kawu."

"In ka ga wani ka ɗauko mini."

Na ce to. Matata tana tankaɗe a gefe, ba ta san ko mene ne ƙarfen ba, har ta ji daɗin yabon.

Ruwa ya sauka. A farkon damina mun shiga ruga da shi, mun kai gishiri da dusa, mun fito da maraƙi. Ƙasa ba ta gama sha ba, motar ta wuce da ƙafa biyu ba tare da ta yi gardama ba. Duk lokacin da muka iso bakin fadamar da ke gaban rugar, sai in tsaya, in kama ƙaramar giyar in ja ta da ƙarfi yadda zai ji ƙarar shigarta. Shi kuma sai ya gyaɗa kai ya ce, "Yawwa, sa mata ƙafafun." Giyar tana shiga, tana kuma rage gudu ta ƙara ƙarfi, amma ƙafafun baya kaɗai take turawa. Cire farfela dabara ce ta bakanike, kafa ta a ƙasa wauta ce. Jan giyar nan a gaban Kawu shi ne abin da har yau ba ni da sunan da zan ba shi mai sauƙi.

Cikin watan Agusta aka yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, irin na Jos mai sanyi da hazo. Wata safiya ina loda kabeji sai ga kiran Kawu. Makiyayinsa ya hau kan dutse inda ake samun sabis ya kira shi: babban sansa, wani fari mai tozo wanda ya daɗe yana tattali, ya zame a bakin tsohon ramin kuza ya karya ƙafar gaba. An jawo shi waje, yana kwance, yana numfashi.

"Sauke kayan mutane ka zo. Yau ce ranar."

Na sauke. A hanyar zuwa ɗaukarsa na bi ta ƙofar gidana. Na rage gudu, na tuna turken, na tuna yadda bakinsa ya baje. Ko na zare shi ba zai shiga ba, kuros ɗin ma yana shago. Na wuce. Na ɗauki Kawu da igiyoyinsa da wani mahauci abokin cinikinsa, wanda zai ga san da idonsa tun a can. Duk tsawon Titin Bauchi ina so in yi magana. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, wataƙila ta wuce, ai ta saba wucewa.

Muka bar kwalta. Jar ƙasar ta yi santsi, bayan motar yana ta wutsiya saboda babu kaya kuma sifirin ya yi tauri. Mahaucin ya riƙe ƙofa yana salati. Muka gangara fadama. Ruwa ya kwanta a kanta, baƙar laka ce a ƙasa. Daga nan ana hango bukkokin rugar a kan tudu. Na tsaya na ja ƙaramar giya.

Kawu ya ce, "Yawwa."

Ba mu kai tsakiya ba ta zauna. Na ba ta wuta, ƙafafun baya suka yi ta juyi suna watsa laka har kan keji. Na sa ribas, ta ƙara nutsewa. Na sake gaba. Ƙaurin kuloci ya cika motar.

Kawu ya buɗe ƙofa ya sauka cikin lakar da farar rigarsa. Ya je gaban motar ya tsaya. Ya ce, "Taka." Na taka. Yana kallon tayar gaba, ita kuwa ko motsi. Ya zagaya ɗaya gefen ya ce in sake. Sannan ya tattare rigarsa, ya durƙusa a cikin ruwan, ya leƙa ƙarƙashi. Bai san sunan ko ƙarfe ɗaya a mota ba, amma ya ga wuri a buɗe inda ya kamata a ce akwai abu.

Ya ɗago ya ce, "Akwai abin da babu a nan."

Na ce, "Eh, Kawu."

"Ya faɗi a hanya ne?"

"A'a. Ni na cire."

"Yaushe?"

"Tun rani."

Ya dube ni. "To wannan da kake ja kullum fa?"

Mahaucin ya juya yana duba sama kamar mai neman hadari, alhali ruwan yana zuba a kanmu.

"Ina ƙarfen yake?"

"Shi ne turken tunkiya."

Na zaci zai zage ni, ko ya ɗaga hannu, yana da iko. Sai ya ce, "Wanda na yaba?" Na ce shi. Ya ce, "Lallai turke ne mai kyau." Ya juya ya ƙwala wa mutanen ruga kira.

Suka gangaro, da su da wasu manoman ƙauyen da ke kusa waɗanda suka saba ba wa mutanen rugar karan gona su karɓi taki. Muka haƙa, muka ɗebo duwatsu muka cusa, muka sare rassa muka shimfiɗa. Jak ɗina yana nutsewa kafin ya ɗaga komai. Duk lokacin da ta matsa taku ɗaya sai ta sake zama, domin babu abin da yake jan ta daga gaba. An yi shawarar a ɗauko san a kan itatuwa a kawo shi wurin motar, mahaucin ya ce ko an kawo shi, motar da ta kasa fita babu kaya ba za ta fita da sa ba. Muka yi azahar a kan wani falalen dutse muka koma. Wajen la'asar makiyayin ya sauko da gudu ya ce san ya daina ɗaga kai, idonsa ya fara juyewa.

Kawu ya dubi mahaucin. Mahaucin ya ce, "Alhaji, kada ya zama mushe."

Suka hau tudun tare da sauran mutanen. Ni aka bar ni da mota. Babu wanda ya ce in zauna, babu kuma wanda ya ce in zo. Ina zaune a kan bonet na ga mata sun fara saukowa da kwanoni a ka, an rufe da ganye. An kasa naman kashi-kashi, na ruga sun ɗauka, na ƙauye sun ɗauka, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, wasu ma ba su ba da komai ba. Wata tsohuwa da ta zo wucewa ta ce mini, "Sannu direba, Allah ya kiyaye gaba." Na ce amin.

Da suka gama, mazan suka dawo da yawansu, suka kama motar ta baya suka ɗaga ta kusan a hannu, suka juya da ita. Abin da muka ɗauko a cikin kejin da aka yi domin sa, fata ce da kai da ƙafafu, da wani ƙunshin nama a buhu. Muka iso Dilimi. A ƙofar gidana Kawu ya ce in tsaya. Ya miƙo mini ƙunshin.

"Kai wa mahaifiyarka da matarka. Su ba su cire komai ba."

Na miƙa masa makulli. Ya dube shi bai karɓa ba. "Me zan yi da shi? Tuƙi na iya? Gobe ka tone turken nan."

Na tone shi da safe, matata tana tsaye tana tambayar inda za ta ɗaure tunkiya. Bakanikena ya juya farfelar a hannunsa, ya dubi bakin da guduma ta baje, ya dubi tsatsar da fitsarin tunkiya ya yi mata, ya yi dariya har ya zauna a kan taya. "Oga, mayar wa madam abinta. Wannan ya riga ya canza aiki." Sai da muka jira aka samo wata daga jikin motar da ta yi hatsari. Ni na biya, na sayar da fitilun rufi da ham ɗin na cika. Tsohuwar farfelar ta koma tsakar gida.

Kawu bai ƙara ta da maganar ba, bai kuma gaya wa mahaifiyata ba. Amma daga ranar, duk lokacin da zai shiga motar, sai ya tattare rigarsa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta. Da damina da rani, a ƙofar gida, a kara, a tsakiyar tasha direbobi suna kallo. Dattijon direban nan mai jan itace ya taɓa ce masa, "Alhaji, kuɗi suka faɗi ne?" Kawu ya ce, "A'a, ƙafafuna nake ƙirgawa." Suka yi dariya, suka dube ni, na yi kamar ina goge gilashi.

Na taɓa ce masa, "Kawu, wallahi tana nan." Ya ce, "Na sani," ya durƙusa ya duba.

Motar ta shiga rugar a damina da yawa bayan wannan, ta fito da shanu da ransu. Gwiwoyin Kawu kuma suka fara ba shi wahala, durƙuson ya zama sai ya dafa taya, tashin sai na kama shi. Bai daina ba. Sai na sami wani buhu mai tsabta na ninke na ajiye a bayan kujera. Idan na hango shi tafe, nakan fito da shi in shimfiɗa a gefen ƙafar gaba, in koma gefe in tsaya har ya gama.